Abokaina na yi mini ba'a kan kuɗin da na kashe a kayan sauti: me zan ce musu?

Wani matashi mazaunin Asawase a nan Kumasi ya aiko da tambaya. Ya ce cikin shekara uku ya yi ta tari har ya sayi amfilifaya, lasifika biyu na ajiyewa a ƙasa da na'urar faifai, duka suka tasar wa sidi 30,000. Tun ranar da abokansa na majalisa suka ji adadin, ba su sake barinsa ya sha ataya cikin kwanciyar hankali ba. Wasu na cewa da ya sa kuɗin a hanyar sayen pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, wasu na cewa ƙaramar lasifikar bulutut ta kasuwar Kejetia ita ma kiɗa take yi, wani kuma ya kira abin almubazzaranci. Yana son ya san yadda zai kare kansa.

Ƙanena, na shafe sama da shekara talatin ina buɗe cikin rediyo, kaset da amfilifaya, na kuma ɗaura lasifika a wuraren wa'azi, maulidi da bukukuwan aure daga Aboabo har Tafo, saboda haka na daɗe da sanin ɓangarorin nan biyu, masu saye da masu dariya. Abu na farko da zan faɗa maka ba lalle ya yi maka daɗi ba: abokanka suna da gaskiya a wani yanki na maganarsu, kuma muddin ba ka rarrabe wannan yanki ka sallama musu shi ba, duk gardamar da za ka yi a majalisa ba za ta kai ka ko'ina ba. A harkar kayan sauti akwai kuɗin da kunne yake shaidawa, akwai kuma kuɗin da ido da zuciya kaɗai suke shaidawa. Na farkon kana iya tsayawa a kansa gaban kowa. Na biyun kuwa, idan ka kashe shi, gara ka yi shiru ka haɗiye.

Bari mu fara da wanda ya ce ƙaramar lasifikarsa ma kiɗa take yi, domin shi ne mai sauƙin amsawa. Sauti motsin iska ne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma ɓangaren sama yana raguwa da shekaru, wanda ni kaina shaida ne a kai. Domin lasifika ta fitar da sauti mai kauri, abin da mu masu gyara muke kira bes, dole ta tura iska mai yawa, kuma duk lokacin da kaurin ya sauka da rabi, wato daga kaɗawa 80 zuwa 40 misali, sai ta ninka iskar da take turawa sau huɗu kafin ta riƙe ƙarfinta na dā. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Farantin lasifikar da faɗinsa bai wuce murfin gwangwanin madara ba, ba shi da hanyar tura wannan iska, komai sunan da aka manna a jikinsa. Abin da abokinka yake ji shi ne ɓangaren saman wannan amo, ƙwaƙwalwarsa ce take cike masa gurbin sauran, kamar mai hango kan raƙumi ta saman katanga ya san akwai gangar jiki a ƙasa.

Sannan akwai batun sitiriyo, wanda wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi wa rajista tun 1931. Lasifika biyu da aka raba daidai, mai sauraro yana zaune a tsakiya ta yadda shi da su za su zama kusurwa uku mai tsawo ɗaya, suna sa kunne ya ji mai waƙa a tsakiya, mai kalangu a hagu, 'yan amshi a baya, alhali babu komai a wajen sai bango. Akwati ɗaya tilo ba ya iya wannan. Mu Hausawa ma muna da dalili na musamman na kula da wannan bambanci, domin harshenmu na karin sauti ne, kuma kalangu magana yake yi ta hanyar matse tsirkiya da sassauta ta. A lasifika mara kyau za ka ji bugu kawai, amma a mai kyau za ka ji hawa da saukar fatar har ka gane kirarin da makaɗin yake yi. Haka goge, wanda a ƙaramar lasifika yake zama tsuwwa mai soka kunne, alhali a gaban mai shi yana da jiki da ɗumi na ƙwarya da fata. Mai sauraron tilawa ma ya san bambanci tsakanin karatun da ake jin gunna da fitar kowane harafi daga mafitarsa, da karatun da sin da sad suka narke suka zama abu guda.

Wannan shi ne kuɗin da kunne yake shaidawa, kuma yawancinsa a lasifika yake. Amfilifaya mai kyau a yau ba ta gurɓata sauti sai da ɗan abin da ba ya kai kashi ɗaya cikin dubu, amma lasifika na'ura ce ta takarda ko roba, maganaɗisu da katako, tana motsi a zahiri, don haka kurakuranta sun ninka na sauran kayan nesa ba kusa ba. Idan kaso mafi girma na sidi 30,000 ɗinka a lasifika ya tafi, to ka saye da ilimi.

Yanzu sai yankin da abokanka suke da gaskiya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a wannan sana'a karin maganar yana tabbata ta hanyar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Wani masani mai suna Floyd Toole ya shafe shekaru masu yawa a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa yana gwada lasifika da mutane a bayan labule, daga baya ya koma kamfanin Harman a Amurka. A 1994 shi da abokin aikinsa Sean Olive suka sa mutane su ba wasu lasifika maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya kuma an rufe su da labulen da sauti ke ratsawa. Da ido yana gani, manya masu tsada da ƙyalli suka yi wa sauran nisa, amma da aka ja labule sai tazarar ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan gwaji shi ne, da aka sauya wa lasifikan wuri a cikin ɗakin, masu sauraro a bayan labule sun ji canjin sosai har makinsu ya sauya, amma da suna kallo kusan ba su lura ba, domin idonsu ya riga ya yanke hukunci kafin kunne ya ce uffan. Kuma a cikinsu akwai ƙwararru da suka daɗe a harkar, ba 'yan koyo kaɗai ba.

Haka nan batun faifai. Faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya isa ya riƙe duk abin da bai wuce kaɗawa 22,000 ba, wato ya riga ya zarce iyakar kunne. Daga baya aka fito da wasu faifai da fayiloli da ake tallata cewa sun fi CD zurfi. A 2007 wasu masu bincike biyu a Boston, Meyer da Moran, suka yi gwaji sama da 500 a ɓoye, suna rage irin wannan sauti zuwa ma'aunin CD ba tare da mai sauraro ya sani ba, sai aka tarar amsoshin da suka dace ba su wuce rabi ba, daidai da abin da mai canki-canki zai samu. A 2016 wani malami a wata jami'ar Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya sami ɗan rinjaye, kashi 52 da ɗoriya cikin 100. Ko da mun karɓi wannan, ka ga bambancin da sai an yi gwaji dubbai kafin a hango shi bai cancanci mutum ya hana kansa nama a miya dominsa ba. Bambancin da ake ji da gaske yana ƙasa da nan, tsakanin CD mai ɗaukar kilobit 1,411 a daƙiƙa da MP3 mai 128, balle waƙar da ta zagaya ta WhatsApp hannu goma, kowane hannu yana matse ta.

Mafi muni shi ne kebul. Akwai kebul na lasifika da ake sayarwa a Turai da kuɗin da ya isa sayen mota, ana cewa yana buɗe murya yana sanyaya goge. Ga lissafin da duk ɗan koyon lantarki zai iya yi. Wayar tagulla mai kaurin 2.5, irin wadda masu wayarin suke ja wa soket a gidajenmu, tirjiyarta ga wucewar wuta, wadda ake aunawa da om, kimanin om 0.007 ce a kowace mita. Idan tsakanin amfilifaya da lasifika mita uku ne, zuwa da dawowa mita shida, ka sami om 0.04, a gaban lasifika mai om 8. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, kuma babu kunnen ɗan Adam da zai kama shi. Na taɓa yi wa wani Alhaji gyara, mutumin kirki mai son kayansa, ya nuna mini kebul da ya sayo a tafiyarsa, kauri kamar igiyar ɗaure sa, yana rantsuwa cewa tun da ya sa shi sautin ya canza. Da izininsa na tsaya bayan kabad ina musanya shi da wayar soket, yana zaune yana faɗin wanne ne wanne. Cikin goma ya dace a huɗu. Bai yi fushi ba, dariya ya yi, amma bai sake sayen irinsa ba. Idan abokanka irin wannan suke yi wa ba'a, ka taya su.

Ka kuma kiyayi gardamar wat, domin a nan masu saye da masu dariya duka suke faɗawa rami ɗaya. Ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 50 zuwa 100 yana ƙara desibel uku ne kacal a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan ƙari da kunne yake lura da shi amma ba ya girgiza kowa. Kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ƙara kimanin desibel goma, wato ƙarfi ninki goma. Akwatunan da ake jerawa a Adum da Kejetia an rubuta musu wat 5,000 da haruffan PMPO, wato awon talla na ƙololuwar ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, ka juya bayansu ka karanta wutar da suke ja daga soket, sau da yawa za ka ga ba ta kai wat 100 ba, kuma na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da abin da ba ta sha ba. Akwai kuma dabarar masu shago da ya kamata ka sani: idan aka kunna na'urori biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya ƙara da ko desibel ɗaya ne, kunne ba ya cewa ta fi ƙara, cewa yake yi ta fi daɗi. Shi ya sa duk kwatancin da ba a daidaita ƙara da mita ba, hira ce kawai.

Akwai wani abu da ya fi kebul da wat tasiri nesa, kuma da wuya ka ji ana gardama a kansa a majalisa, wato ɗakin da kayan suke ciki. Yawancinmu a zango ciki da falo muke haya, bango na bulo da siminti, ƙasa tayil, sama silin na katako ko roba ƙarƙashin kwano. Irin wannan ɗaki ganga ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 345 a daƙiƙa, saboda haka falon da tsawonsa mita huɗu ne yana da amon kansa a wajen kaɗawa 43, kuma idan faɗinsa mita uku da rabi ne, yana da wani a wajen 49. Duk lokacin da kiɗa ya taɓa waɗannan wurare sai ɗakin ya kumbura shi, a wani lungu bes ya cika kunne har ƙirji, ka matsa taku biyu kuma ya ɓace. Tayil da bangon da babu komai suna mayar da siririn sauti, sai murya ta yi kaifi, kalmomi su hau kan juna kamar a masallacin da ba a shimfiɗa masa kafet ba tukuna. Na sha shiga gidan da aka zuba kaya masu tsada a irin wannan falo, lasifika manne da kusurwa, ɗaya a kan kabad ɗaya a bayan kujera, sautin da ke fita bai fi na motar talla ba. Idan haka naka yake, to abokanka ba ƙarya suka yi ba da suka ce ba su ji bambanci ba. Maganinsa kuma ba shi da tsada: kafet mai kauri tsakaninka da lasifika, labule mai nauyi a taga, kantar littattafai ko kujera mai laushi a bangon baya, ka janye lasifikan daga bango kamar rabin mita, ka sa ƙananan farantan da ke fitar da siririn sauti su yi daidai da kunnenka idan ka zauna, kada kuma ka jingina kanka da bango. Aikin yamma ɗaya ne, amma canjin ya fi na sauya amfilifaya sau uku.

To, sai maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin abin da ke ci musu rai. Adadin yana da girma idan aka faɗe shi a dunƙule, shi ya sa suka zaro ido. Amma kayan sauti nagari suna daga cikin 'yan abubuwan lantarki da har yanzu ake yi don su daɗe. A teburina a kai a kai ana kawo Sansui, Pioneer da Technics na shekarun 1970, waɗanda iyayen masu su suka saya, in canza musu kafasitocin da suka bushe, in wanke maɓallan, in sabunta dalma, su koma aiki kamar jiya aka yi su. Ƙaramar lasifikar nan da BBC ta ƙera wa motocinta na ɗaukar shiri a tsakiyar shekarun 1970, LS3/5a, har gobe ana ƙera ta ana saye, kuma amfilifayar NAD 3020 ta 1978, wadda aka yi domin masu ƙaramin ƙarfi, tana nan tana aiki a gidaje da yawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan kayanka suka yi maka shekara 15, wanda ba wani abin mamaki ba ne, sidi 30,000 ya zama 2,000 a shekara, kimanin sidi biyar da rabi a rana. Idan kana sauraro awa biyu kullum, kowace awa ba ta kai sidi uku ba. Ka tambayi wanda ya fi kowa ba'a sau nawa ya canza wayar hannu cikin shekara shida da suka wuce, nawa kuma yake zubawa a data kowane wata, ka bar shi ya yi lissafin da bakinsa.

Sai dai kada ka yi kuskuren da wasu suke yi, su ce ai jari ne. Pragya tana fita da safe ta dawo da kuɗi da yamma, lasifika kuwa ko kwabo ba ta kawowa, kuma ranar da ka tashi sayarwa a Kumasi, masu sayen irin wannan kaya ba su da yawa, sun kuma san kana cikin matsi. Na ji masu cewa kayansu sun yi daraja bayan 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, amma sidi ne ya faɗi, kayan suna nan inda suke. Idan ka kira abin jari, ka shiga filin da mai pragya zai kayar da kai cikin minti ɗaya. Ka kira shi da sunansa, sha'awa, domin a wannan fili kowa a majalisar yana da tasa. Akwai mai kiwon tattabaru da yake sayen guda biyu da kuɗin buhun shinkafa, akwai mai ragon da yake ci da waken suya da dusa wata goma don a tsaya kallonsa ranar Sallah, akwai mai ɗinka gezna kowane biki, akwai wanda ƙungiyar ƙwallo ta Kotoko ba ta buga wasa a filin Baba Yara ba tare da shi ba. Babu wanda ya taɓa neman su kawo rasit. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu iya magana, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Wanda ya ambaci almubazzaranci shi ne ya kamata ka saurara da kyau, domin maganarsa ta fi ta sauran nauyi. Hukuncin kiɗa da abin da ya halatta a saurara fagen malamai ne, can za ka kai shi, amma ma'aunin kashe kuɗi a fili yake ga kowa. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an yabi waɗanda idan za su ciyar ba sa ɓarna, ba sa ƙwauro, suna tsayawa tsakani. Tsakanin nan kuwa ya danganta da aljihun mutum da nauyin da ke kansa. Ka ce tari ka yi na shekara uku, wannan ya burge ni, domin ya nuna ba bashi ka ci ba. Amma ka tambayi kanka a ɓoye, ba a majalisa ba: a cikin shekarun nan uku, kuɗin haya ya taɓa makara? An taɓa koro yaro daga makaranta? Mahaifiya ta taɓa neman magani ka ce sai wata ya ƙare? Akwai wanda yake binka bashi yana ganin kana shigo da kwali? Idan amsar duka a'a ce, kuɗinka ne na halal ka saka inda ranka yake so, kuma ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa da wani ya tambaya game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, an amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ka riƙe ƙarshen hadisin da hannu biyu, domin cutar masu wannan sha'awa ita ce raina kunnen wasu, su riƙa cewa wane bai iya sauraro ba. Idan kuma akwai e a cikin amsoshin, to babu lissafin desibel da zai wanke ka.

Maƙwabta ma suna da haƙƙi a wannan magana. A gidan haya na zango, bango ɗaya ne tsakaninka da tsohuwa mai hawan jini ko jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci, kuma bes yana ratsa bulo fiye da kowane sauti. Abin farin ciki shi ne, amfanin kaya masu kyau ya fi bayyana a ƙaramar ƙara, domin mai lasifika mara kyau yana murɗa maɓalli ne yana neman kalmomin da ba ya ji, kai kuwa kana jinsu tun a ƙasa. Wannan ma kariya ce ga kunnenka. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka shimfiɗa shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, wato 88 awa huɗu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15. Wanda ya tsaya kusa da lasifikan bikin aure ya wuce wannan iyaka tun kafin a kawo amarya. Ni da na yi shekaru a bakin irin waɗannan akwatuna, kunnena na hagu yana da wata tsuwwa da ba ta barina ko a sujada, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Saboda haka shawarata ita ce ka daina kare kanka da baki. Sauti ba a bayyana shi da magana, kamar yadda ba ka iya kwatanta wa mutum ɗanɗanon tubani da bai taɓa ci ba. Ka gyara ɗakinka tukuna kamar yadda na faɗa, sannan ka gayyace su ɗaya bayan ɗaya, domin idan suka zo a taro kowa zai riƙa kare matsayinsa gaban 'yan'uwansa. Ka ba baƙon kujerar tsakiya, ka ce ya zaɓi abin da shi ya sani tun yana yaro, ko tilawar da mahaifinsa yake kunnawa da asuba, ko tsohon hailaif, ko kiɗan kalangun da aka yi a bikin yayarsa, ka nemo masa kwafi mai kyau. Kada ka ambaci farashi, kada ka ce masa ya lura da kaza, kada ka tsaya a kansa kana kallon fuskarsa. Ka ce ya zo da tasa ƙaramar lasifikar, ku kunna abu ɗaya a kan biyun da ƙara daidai, ya rufe ido. Wani zai yi shiru ya ce a maimaita. Wani zai ce ya ji bambancin amma shi ba zai biya wannan kuɗi ba, kuma amsa ce ta mai hankali, ka karɓe ta. Wani kuma zai ce duk ɗaya ne, wataƙila da gaske yake, domin wanda ya yi shekara goma yana bugun ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai, ba lalle kunnensa ya kai inda naka yake kaiwa ba. Ka zuba masa ataya ku ci gaba da hirar ƙwallo.

Tun da ba ka faɗi ko sababbi ka saya ko na hannu ba, ga abin da zai hana su samun abin dariya na gaske. Wutarmu a Gana bolt 230 ce mai juyi 50, ta Amurka 120 mai juyi 60, ta Japan kuma 100. Ka duba bayan kowace na'ura kafin ka soka ta, domin na hannu da suka fito daga waɗannan ƙasashe biyu suna bukatar taransifoma mai rage wuta, kuma garmahon da motarsa take bin juyin wuta zai yi tafiyar hawainiya idan an yi shi don 60. A zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, wajen 2014 da 2015, yawancin amfilifayar da aka kawo mini sun ƙone ne a daidai lokacin da wuta ta dawo, saboda haka ka sayi sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, ka kuma zare filogi idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai ta sa su ƙarce, sai ka rufe kayan da ƙyalle idan sun huce, amma kada ka toshe ramukan iska suna aiki. Laimar Kumasi kuma tana cin zoben soso da ke gefen farantin lasifika, tana sa faifai fumfuna. Idan na hannu ne kuma sun haura shekara 20, ka kawo amfilifayar a duba kafasitocinta kafin damina ta kankama.